Makulli ɗaya, aiki uku: abin da ke faruwa idan ka danna rimot ɗin mota

Yawancin motocin da ke zirga-zirga tsakanin Samaru, Sabon Gari da Tudun Wada a Zariya a yau ba a zira musu makulli a ƙofa. Mai mota ya fito, ya danna maɓalli yana tafiya, fitilun sigina su ƙifta, shi ke nan ya shige kasuwa hankali kwance. Idan ka tambaye shi sai ya ce ya sa sikiyoriti. Alhali a cikin motar abubuwa uku ne, kowanne da wayoyinsa da aikinsa. Akwai mai kulle ƙofofi gaba ɗaya, wato sentiral lok. Akwai alam, mai ihu idan an taɓa mota. Sai kuma imobilaiza, wanda ba ya ƙara, ba a kuma ganinsa, aikinsa kawai ya hana inji tashi idan ba makullinsa aka kawo ba. Rashin bambance su ke sa mutum ya kashe kuɗi inda ba nan ciwon yake ba, ko ya miƙa motarsa ga ɗan rewaya a datse wayar da ba ta yi laifin komai ba.

Makullin da ke hannunka ma haka yake. Akwai ƙarfen da aka yanka, akwai rimot mai aiki da ɗan batir, akwai kuma wani ƙanƙanin cip da aka ɓoye cikin robar, wanda ba ruwansa da batir. Ɗaya na iya mutuwa sauran biyun suna raye.

Motar farko da aka sayar da rimot na kulle ƙofa ita ce Renault Fuego ta Faransa, a 1982. Nata da haske yake aiki, irin hasken da ido ba ya gani, don haka dole ka matso ka saita shi da motar. Daga baya kamfanoni suka koma amfani da zangon rediyo, wanda ke ratsa aljihu da jaka, ya kai mita 10 ko 20. Wannan sauyi ne ya haifar mana da wata 'yar matsala a nan. Motocin da aka ƙera don Amurka galibi suna magana a kan megahaz 315, na Turai kuwa a kan 433.92. Mu kuma kasuwarmu ta haɗa duka: ga Camry da Accord 'yan Amurka, ga Golf da Vectra 'yan Beljiyam, ga 406 da aka harhaɗa a Kaduna. Rimot biyu za su iya zama iri ɗaya sak a ido, tambari ɗaya, maɓallai ɗaya, amma ɗaya ba zai taɓa yi wa motarka magana ba ko za a kwana ana firogiramin. Kafin ka sayi sabo, juya bayan tsohon ka karanta lambar da ke jiki. Na Amurka suna ɗauke da lambar da ke farawa da FCC ID. Da ita za ka je wurin mai sayarwa, ba da hoton rimot a waya ba.

Idan ka danna, rimot ɗin yana aika ɗan gajeren saƙo mai ɗauke da abu uku: ni wane ne, wane maɓalli aka taɓa, sai wata lambar sirri. Na'urar karɓa da ke cikin motar ta miƙa saƙon ga kwamfutar da ke kula da ƙofofi da fitilu, ita kuma idan ta gamsu sai ta tura wuta ga wani ƙaramin moto da ke cikin kowace ƙofa, ya ja sakata. Ƙarar nan ta "ƙas" da kake ji aikin waɗannan motocin ne.

Wanda ya riƙe wannan jerin a kansa zai iya gano rabin matsalolin sentiral lok kafin ya isa gareji. Idan ƙofa ɗaya ce ta ƙi kulluwa sauran suna yi, rimot bai yi laifi ba, moton ƙofar ne ya gaji, kuma sau da yawa yana fara nuna alama da rana tsaka idan ƙofa ta ɗau zafi. Idan rimot ya ƙi aiki amma maɓallin da ke jikin ƙofar direba yana kulle duka, to a duba batirin rimot tukuna, sannan na'urar karɓa. Idan kuwa duka biyun sun yi shiru, a fara da fiyus, sannan a buɗe robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙofar direba da jikin mota. Wayoyin da ke ciki suna lanƙwashewa duk lokacin da aka buɗe ƙofa, shekara da shekaru, har su karye a cikin rigarsu ba tare da an gani daga waje ba.

Lambar sirrin nan ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Rimot na farko-farko lamba ɗaya yake aikawa kullum, don haka duk wanda ya naɗe ta da na'ura ya mallaki ƙofarka. Maganin da aka samo shi ne lamba mai sauyawa. Kamar katin waya take: da zarar an loda shi ya mutu, ko wani ya tsinci takardar ba abin da za ta yi masa. Rimot da mota suna da lissafi ɗaya a ɓoye, kowace dannawa lissafin ya matsa gaba, motar kuma ba ta karɓar lambar da ta riga ta wuce. Ɗaya daga cikin fitattun tsare-tsaren wannan aiki, KeeLoq, a Afirka ta Kudu aka ƙirƙiro shi a shekarun 1980, kamfanin Microchip na Amurka ya saye shi a 1995.

To idan ka danna kana nesa, motar ba ta ji ba fa? An yi tanadin haka: motar tana yarda da lambobi masu yawa da ke gaba da wadda take jira, galibi 'yan ɗaruruwa. Amma idan yaro ya samu makulli a ɗaka ya mai da shi abin wasa, ya wuni yana dannawa, lissafin na iya zarce wannan iyaka. A nan sai an sake haɗa su. A wasu motocin zira makulli a murɗa sannan a danna maɓalli ya wadatar, wasu kuwa sai da kwamfuta.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Ɓarawo ba ya bukatar ya san lambarka idan zai iya hana motar jin ta. Na'urar da ke cika zangon da hayaniya a daidai lokacin da ka danna ta isa: kai ka tafi kana zaton ka kulle, ƙofa kuwa a buɗe take, alam ma bai hau aiki ba. Ba gilashin da zai fashe, ba abin da zai ja hankalin kowa. A 2015 wani masanin tsaron kwamfuta ɗan Amurka, Samy Kamkar, ya nuna wata na'ura mai suna RollJam da ke toshe saƙon tana kuma naɗe shi, ta ajiye lambar da motar ba ta taɓa ji ba don a yi amfani da ita daga baya. Ban ce kowace kasuwa akwai mai irin wannan na'ura ba. Abin da na ce shi ne maganinta kyauta ne: kada ka juya baya sai ka ga fitilu sun ƙifta, ka kuma ja hannun ƙofa ka tabbatar. A bakin banki wajen PZ, ko ranar Juma'a da motoci ke cika hanya kowa na sauri kada ya rasa sahu, nan ne mutum ya fi dannawa yana tafiya. Mai motar da ke buɗewa da taɓa hannu kuwa ya gwada ƙofar baya, domin a motoci da dama ta gaba za ta sake buɗe masa tunda makulli na aljihunsa.

Akwai wasu halaye na sentiral lok da mutane ke ɗauka lalacewa ce. Motocin Amurka da yawa dannawar farko ƙofar direba kaɗai take buɗewa, sai ka sake dannawa sauran su buɗe. Da gangan aka yi, don kada wani ya faɗo maka ta ɗaya gefen. Haka kuma idan ka buɗe da rimot ba ka taɓa ƙofa ba, bayan daƙiƙa 30 ko makamancin haka motar za ta sake kulle kanta. Idan kuwa ka danna kulle ta ƙi ƙifta fitila, ko ta yi doguwar ƙara, tana gaya maka ne akwai ƙofa ko but da bai rufu daidai ba. Maɓallin nan mai launin ja da ke kan rimot ɗin Amurka kuma na neman agaji ne, yana sa hon ya yi ta bugawa, sake danna shi ke kashe shi.

Wanda ya kamata iyaye su sani shi ne kulle mai ninki biyu da ke cikin motocin Turai da dama. Idan ya hau, hannun ƙofa na ciki ma ba ya aiki, don ko ɓarawo ya fasa gilashi ya zira hannu ba zai buɗe ba. Wanda aka bari a ciki shi ma ba zai fita ba. Abin da ya ƙara rikita lamarin, kamfanonin ba su yi baki ɗaya ba: a Volkswagen masu wannan tsari dannawa ɗaya ce ke sa shi, biyu a jere ke cire shi, a Peugeot 308 kuwa dannawa ta biyu cikin daƙiƙa 5 ce ke sa shi. Wanda ya san zafin Zariya a watan Maris da Afrilu ya san mota a rufe ba wurin barin yaro ba ce ko na minti kaɗan, ko da "yanzu zan fito" ne. Zauna a cikin motarka a tsakar gida, ka sauke gilashi, ka danna rimot ka ja hannun ciki, ka san irin wadda kake da ita.

Alam kuwa, a ganina, shi ne aka fi dogaro da shi, shi ne kuma ya fi ƙarancin amfani cikin ukun. Na kamfani yana hawa aiki ne 'yan daƙiƙu bayan ka kulle, ya zauna yana sauraron ƙananan makunnai da ke jikin ƙofofi, bonet da but. Wasu motocin suna da ƙarin na'urar jin motsi a ciki, wasu har da mai gane an ɗaga mota da jak don kwance taya. Shi ya sa idan ka kulle da rimot, batirinsa ya mutu, ka buɗe da ƙarfen makulli, motoci da yawa za su kwarma ihu. Ba lalacewa ba ce. Zira makullin ka murɗa, da zarar ta gane cip ɗin za ta yi shiru.

Motar da ke tashin unguwa da ƙarfe biyun dare ba kowa kusa da ita fa? Kafin a kai maganar ga aljannu, a duba makunnin bonet, wanda ƙurar hunturu da ruwan damina ke ci har ya riƙa yi wa kwamfuta ƙarya. A duba batirin motar ma, domin idan ya yi rauni wutarsa na faɗuwa da sanyin asuba, wasu alam ɗin kuma suna ɗaukar haka a matsayin an taɓa waya. Alam na kasuwa kuwa mafi yawan laifinsu na'urar jin girgiza ce da aka murɗa har ƙarshe. Tifa ta wuce ya yi ihu, a yi tsawa ya yi ihu, ranar hawan Sallah da ake harba bindigogin gargajiya kuwa sai motocin da ke wajen Fada su ɗauka gaba ɗaya. Ƙarshenta makwabta su saba, ranar da abin ya zama gaskiya ba mai leƙowa. Akwai ɗan abin murɗawa a jikin na'urar, a rage shi har sai an bugi mota da ƙarfi kafin ta amsa.

Sanya alam na kasuwa ba laifi ba ne, musamman ga tsohuwar mota da ba ta zo da komai ba. Matsalar tana wurin hannun da ya sa shi. Don ya hana mota tashi, mai sawa yakan datse wayar sitata ko ta famfon mai ya bi da ita ta cikin akwatin alam ɗin. Idan murɗa wayoyin kawai ya yi ya naɗe da salatif, zafi da girgizar hanya za su sassauta su. Ta sitata ce, wata safiya mota ta ƙi tashi. Ta famfon mai ce, tana iya mutuwa kana tsakiyar gudu a hanyar Kaduna, wannan kuwa ya wuce maganar ɓacin rai. Ga kuma shan batir: motar da aka kashe ta yi barci bai kamata ta riƙa jan abin da ya wuce miliamfiya 50 ba, amma alam mara kyau da tiraka, wato na'urar bin sawun mota, da aka jona barkatai suna iya ninka haka, sai ka ajiye mota kwana uku ka dawo kana neman masu turi. Ka tsaya a kan aikin, ka ce a haɗa wayoyin da dalma, a sa fiyus, a kuma nuna maka inda aka ɓoye makunnin kashe alam ɗin idan rimot ya ɓata. Mutane da yawa sun sayi mota hannu na biyu da irin wannan akwati a ƙarƙashin sitiyari, ba su ma san yana nan ba sai ranar da ya tsayar da su.

Mai aikin gaske shi ne imobilaiza. A kewayen ramin makulli akwai wani zobe na waya. Idan ka murɗa, zoben ya fitar da ɗan ƙarfin lantarki a kan ƙaramin zango, wajen kilohaz 125, wanda ya isa ya tada cip ɗin da ke cikin makulli ya faɗi lambarsa. Lambar ta yi daidai, kwamfutar inji ta saki mai da wuta. Ba ta yi ba, inji ya yi ta juyawa ba ya kamawa, ko ya kama ya mutu nan take, wata 'yar fitila mai hoton makulli tana ƙiftawa a dashbod. Shi ya sa makullin da aka yanka maka a kasuwa yake buɗe ƙofa amma ba ya tada mota. Jamus ta wajabta shi a sababbin motoci tun 1998, Ingila ma a shekarar, don haka 'yan Beljiyam na bayan wannan lokaci galibi suna da shi. Amurka ba ta wajabta ba. Wasu motocin Kia da Hyundai masu makullin ƙarfe da aka sayar a can daga 2011 zuwa wajen 2021 ba su da shi, har satarsu ta zama annoba a biranen ƙasar bayan matasa sun yaɗa dabarar a TikTok. Irin waɗannan motocin suna shigowa nan, mai saye ya tambaya.

Abin takaici, shi wannan da ya fi amfani shi aka fi saurin kashewa. Makulli ya ba da matsala, sai ka ji an ce, "Alhaji, a cire shi kawai a huta." Ko a ɓalle cip ɗin daga makulli a manna shi a jikin zoben dindindin don kowane yankakken ƙarfe ya tada motar, ko a shiga kwamfutar inji a goge tsarin baki ɗaya. Motar za ta tashi, gaskiya ne, amma daga ranar za ta tashi ga kowa. Mutum ya biya kuɗi an cire masa abin da ke hana a tafi da motar, ya kuma biya an sa masa jiniya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Motocin da ake tayarwa da danna maɓalli, waɗanda Mercedes-Benz ta fara yaɗawa a ƙarshen shekarun 1990, sun haɗa duk wannan wuri ɗaya. Motar ce ke fara kira: idan ka taɓa hannun ƙofa sai ta tambaya ko makullinta na kusa, cikin tazarar mita ɗaya ko biyu, shi kuma ya amsa daga aljihunka. Rauninsu shi ne ana iya tsawaita wannan kira. Mutum biyu, ɗaya kusa da mota, ɗaya kusa da bangon da makulli ke bayansa, kowanne da na'ura, sai motar ta ɗauka maigidanta ne ya iso. A gidajen da ake ajiye mota a ƙofar gida ana rataye makulli kusa da taga, wannan abin lura ne. Ajiye shi can ƙuryar ɗaki, ko cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi. Gwajin ba wuya: riƙe gwangwanin ka je ka taɓa ƙofar, idan ta buɗe bai tare komai ba. Sababbin makullan Toyota ma ana sa su barci: riƙe maɓallin kullewa, ka danna na buɗewa sau 2, fitilarsa ta ƙifta sau 4, ba zai sake amsa kira ba sai ka taɓa wani maɓalli.

Abu biyu ke yawan kama masu irin wannan mota. Na farko, injin da ya riga ya tashi ba ya mutuwa don makulli ya yi nisa. Maigida ya sauka a Kwangila da makulli a aljihun babbar riga, direba ya wuce Shika, motar za ta yi ta ƙorafi a dashbod amma za ta kai shi. Da ya kashe ta, shi ke nan sai an kawo makulli. Na biyu, mutuwar batirin makulli ba ta nufin ka kwana a waje. Akwai siririn ƙarfe a ɓoye cikinsa na buɗe ƙofar direba, wani lokaci ramin yana ƙarƙashin wani ɗan murfi a jikin hannun ƙofar. Idan ka shiga, taka birki, ka kanga makullin a jikin maɓallin tayarwa ka danna. Cip ɗin nan mara batir zai amsa. Wasu motocin wani rami ne na musamman aka ware don haka.

Batirin kansa ɗan faifai ne mai bolt 3, galibi CR2032, ko CR2025 da CR2016. Lambar girmansa take faɗa: faɗin milimita 20, kaurin milimita 3.2 ga na farkon. Ka sa siriri a gurbin mai kauri, zai riƙa aiki yau ya ƙi gobe. Alamar ya kusa ƙarewa ita ce tazara ta ragu, sai ka matso ko ka danna sau biyu. Jabu sun yi yawa, na kirki kuwa yakan kai shekara biyu ko fiye a rimot na gama-gari, ƙasa da haka a makullin da ke sauraron kira dare da rana. Idan makullin ya jiƙe, ko wurin alwala ko an wanke shi cikin aljihun kaftani, kada ka danna don gwadawa. Buɗe shi, cire batirin, bar shi ya bushe sarai a inuwa. Masu kanga rimot a haɓa idan mota ta yi nisa kuma ba camfi suke yi ba, jikin mutum yana ƙara masa tazara kaɗan.

Saura maganar makulli na biyu. Motocin Kwatano da yawa da makulli ɗaya suke zuwa, mai saye kuma ya ce sai an kwana biyu. Matuƙar akwai ɗaya mai aiki, ƙara wani aiki ne mai sauƙi: a jona kwamfuta a soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda Amurka ta wajabta tun 1996, a gabatar wa motar da sabon. Ranar da ɗayan ya ɓata kuwa, aikin na iya kaiwa ga ciro kwamfutar motar, kuɗin ya ninka sau da yawa, motar kuma tana zaune inda ta tsaya. Idan ka je yin na biyun, ka ce mai aikin ya duba makullai nawa motar ta sani. In ta nuna uku kai kuwa ɗaya aka ba ka, a goge sauran, a bar waɗanda ke hannunka. Ka tafi da takardun motar, domin mai aikin da ya san abin da yake yi zai nemi ganinsu.